Kwana biyu a bakin ruwa da kwale-kwale: ta ina za mu fara?

Abba_KofarMarusa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah a bari in gama kafin a fara yi mani dariya. Mu huɗu ne, ni da ƙanina da abokaina biyu. Mun daɗe muna kallon bidiyon Turawan nan a YouTube, waɗanda ke loda tanti da abinci a kwale-kwale, su yi ta tuƙi har su sami gaɓar da ba kowa, su hura wuta su kwana, gari ya waye su ƙara gaba. Muna son mu gwada irin haka a hutun ƙarshen Disamba, kwana biyu kacal. Gaskiyar magana ba wanda ya taɓa tuƙa kwale-kwale a cikinmu. Ni na ɗan iya iyo, ƙanina kuwa ko kaɗan. Wuraren da muke tunani su ne dam ɗin Zobe, na Jibiya, ko na Ajiwa tunda shi ya fi kusa da garin Katsina. Wanne ya fi dacewa? Ina ake samun haya? Me za mu ɗauka? Wanda duk ya san wani abu ya taimaka.

Ɗan_Yandaka:
Wa alaikumus salam. Na bari ka gama. To yanzu an ba ni izinin dariyar?

Bahaɗeje_Asali:
Ikon Allah! Bakatsine da kwale-kwale. Ku da in an yi ruwan sama ya kai ƙauri a Kofar Kaura sai kowa ya tsaya bakin shago yana salati. Abba, ka zo Haɗeja in haɗa ka da yaro ɗan shekara 9 ya koya maka, kuɗin makaranta buhun gero ɗaya.

Abba_KofarMarusa:
Bawana, ka yi shiru manya na magana. Ku da ruwa ke kora daga gida duk damina, har kuna da bakin yi wa wani gori?

Kawu_Lawal:
A bar wasa tukuna. Abba, wurare biyu cikin ukun da ka lissafa ka cire su. Dam ɗin Jibiya yana bakin iyaka, kuma kowa a zauren nan ya san abin da yankin ya gani a shekarun nan. Zobe tana ƙasar Dutsin-Ma, yamma da ita Safana ce da Ɗanmusa, ga dajin Rugu. Wani lokaci a ce an sami sauƙi, wani lokaci abin ya dawo. Ko da an sami sauƙin, samari huɗu baƙi da tanti da wuta tana ci cikin dare a bakin ruwa, kun zama alama. In ba 'yan bindiga suka gan ku ba, 'yan sintirin ƙauye za su gan ku, kuma ba su san ku ba. Cikin duhu ba wanda zai tsaya tambayarku ko daga YouTube kuka koyo.

Ni na san Zobe tun ana aikinta, an gama ta a 1983, ruwa ne mai faɗi da kyau ƙwarai. Ina fatan ranar da za a kwana can hankali kwance. Amma ba bana ba.

Ummu_Hanif:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Hajiya ta san da wannan tafiya? Musamman da ka ce har da ƙaninka wanda bai iya ruwa ba.

Abba_KofarMarusa:
Anti, ban faɗa mata ba tukuna. So nake in gama tsarawa sannan.

Ummu_Hanif:
To ka fara da nan. Sauran duk mai sauƙi ne.

Basarke_Yawuri:
Salam. Ni ɗan masunta ne, a bakin tafkin Kainji aka haife ni, aiki ya kawo ni Katsina. Zan yi magana mai ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Na farko, abin da ka gani a bidiyo da abin da za ka tarar a bakin dam ba jirgi ɗaya ba ne. Namu na katako ne, mai nauyi, an toshe haɗinsa da tsumma da kwalta, kuma kusan kowanne yana ɗan shan ruwa. Shi ya sa ba ka taɓa ganin masunci ba tare da ƙoƙo ko yankakken galan a ƙasan jirgi ba. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwalfewa. In mai jirgi ya ce maka nasa ba ya yoyo ko ɗigo, ka ce ya bar shi cikin ruwa awa guda ku dawo ku duba tare.

Na biyu, tuƙi. Ana ganin kamar ba komai ba ne, ka tsoma filafili ka ja. Ranar farko jirgin zagaye zai yi ta yi da ku kamar jakin da aka ɗaure a turke. Na baya shi ke da akalar jirgi, na gaba ƙarfi kawai yake bayarwa. Ku huɗu ba mai akala, to wa zai zauna baya? Shawarata ita ce kada ku yi hayar jirgi shi kaɗai. Ku yi hayar jirgi da mai shi. Ku biya shi kuɗin yininsa, abin da zai samu da ya je su, ku ƙara mashi wani abu. Shi ya san inda kututture yake. Dam ba kogi ba ne, gonaki da itatuwa ne ruwa ya shanye, kututturan suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa, kuma da rani ya fara ja sai su matso sama. Jirgi ya hau kan ɗaya ya karkata, shi ke nan. Shi ya san inda aka shimfiɗa taru da inda aka jera mamari. Ka bi ta kan tarun mutum ka yaga shi, rigimar da za ka jawo ta fi ta kifewar jirgi.

Na uku, kuma shi ya fi komai: ruwa yana da masu shi. Kowane dam akwai sarkin ruwa. Kafin ku taɓa filafili ku je ku gaishe shi, ku je wurin mai gari, ku faɗi ko ku su wane ne, 'ya'yan wane ne, me ya kawo ku, yaushe za ku tafi. Ku riƙe goro ko abin goro. In sun ce ga inda za ku kwana, nan za ku kwana, ko da bai yi kyau a hoto ba.

Abba_KofarMarusa:
Allah ya saka da alheri Malam Basarke. Amma in da mai jirgi tare da mu, kuma muka kwana kusa da ƙauye, ai abin da muke nema ya tafi. Mu so muke mu ji mu kaɗai ne, ba hayaniya, ba kowa.

Musa_Minnesota:
Bari in shigo nan, don na yi irin tafiyar da kake kallo har sau biyu. Ina karatu a jihar Minnesota ta Amurka, akwai wani daji a arewacinta kan iyaka da Kanada da ake kira Boundary Waters, tafkuna sama da 1,000 a jere. Yawancin bidiyon da kake gani daga can ne ko daga Algonquin ta Kanada.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne, wannan "ba kowa" ɗin doka ce ta yi shi. Sai ka yanki takardar izini, an ƙayyade yawan waɗanda za su shiga ta kowace mashiga a rana. Ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4. Ba a shiga da abincin gwangwani ko kwalba. Wuraren kwana an riga an ware su, kowanne da murhun ƙarfe da masai a bayan itatuwa, ba inda ka ga dama za ka kafa tanti ba. Akwai taswira da ta nuna kowace hanya. Tsakanin tafki da tafki kuma sai ka kifa jirgin a kafaɗa ka ratsa da ƙafa, suna auna tazarar da wani ma'auni wai shi rod, ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon jirgin kenan. Jirgin nasu bai fi kilo 20 da ɗoriya ba, mutum ɗaya ke ɗauka. Ka gwada ɗaga na Malam Basarke ka ga ko ba sai an kira majiya ƙarfin unguwa ba.

Kuma ko a can ɗin, tafiyata ta farko da wanda ya saba muka je. Ya hana ni zama baya sai rana ta biyu. Abin tsoronsu dabbar nan ce beyar, sai an rataye abinci a reshe nesa da tanti. Sauro kuwa, wallahi na Minnesota a watan Yuni ya fi na Katsina rashin kunya, sai dai shi ba ya ba da zazzaɓi.

A gida ba mu da gaɓar da ba kowa. Duk inda ruwa yake akwai mai lambu, akwai Bafulatani da zai kawo shanu mashaya, akwai masunci. Ni a ganina wannan ba naƙasu ba ne. Da na yi rashin lafiya a dajin can, yini guda za a yi ana tuƙi kafin a ga mota.

Ɗan_Yandaka:
Wato dai har kaɗaicin ma sai an yanki tikiti. Bature bai bar komai kyauta ba.

Sadiya_Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangarena zan taɓa. Kowa na maganar nutsewa da tsaro, ba wanda ya ambaci tsargiya. Ruwan dam da ba ya gudu, mai ciyayi a gefe, nan ƙananan katantanwa ke zama, su ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata take shiga, kana wanka ko kana tsaye cikinsa kana tura jirgi. Ba za ka ji komai ba a ranar, wataƙila ɗan ƙaiƙayi. Sai bayan makonni ko watanni ka ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyukan bakin ruwa har wasu na ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce mai lalata mafitsara in ta daɗe. Maganinta praziquantel, ana bayarwa gwargwadon nauyin mutum, amma gara a kauce. Kada ku yi wanka a dam don nishaɗi. Ruwan wanka ku ɗumama shi sosai a wuta tukuna.

Ruwan sha ku taho da shi daga gida. Mutum huɗu, kwana biyu, kowa lita 4 a rana, lita 32 kenan, ban da girki da alwala. Jarka biyu masu lita 25. In ya ƙare dole sai na dam, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ya yi ta ɓararraka aƙalla minti 1.

Gidan sauro dole, ko da sanyi ne, bakin ruwa ba ya rabuwa da sauro. Sai maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Kada wanda ya fita fitsari da dare ba tocila ba takalmi rufaffe. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a nufi babban asibiti. Don haka tun kafin ku kafa tanti ku san minti nawa ne daga nan zuwa inda mota take.

Ɗan_Daurama:
Me ya sa kowa ke kallon yamma da kudu? Ku zo gabas mana. Muna da dam ɗin Sabke a ƙasar Mai'aduwa, muna da na Daberam ta wajen Dutsi. Ɓangarenmu alhamdulillahi ya fi kwanciyar hankali. Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, hanya mai kyau. Ku kwana gidanmu daren farko, ku ga rijiyar Kusugu, da asuba mu wuce. Ina da abokin da kawunsa ke su a Sabke.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗan Daurama, ka ambaci Mai'aduwa sai gabana ya faɗi. Ba a can ba ne kwale-kwale ya kife da yara lokacin ƙaramar Sallah ta 2022? Yawon Sallah suka fita. Kafin nan ga na Bagwai a Kano, ƙarshen Nuwamba 2021, ɗaliban Islamiyya za su Mauludi. Ni tun daga lokacin ko gada zan hau sai na runtse ido. Abba ɗana, duk abin da ke cikin ruwan nan akwai shi a tudu. Ku je ku zauna a gaɓa ku gasa kifi ku dawo.

Basarke_Yawuri:
Allah ya jiƙansu. Hajiya, gaskiyarki, amma ki duba yawancin irin waɗannan haɗurra, ko na wajenmu da ya faru a Warra cikin 2021: lodi ya wuce kima, tsohon jirgi, ba rigar ceto ko ɗaya, wani lokaci ga tafiyar dare. Abu ne da ake iya kaucewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana hana tafiyar dare da shiga ba riga, mutane ne ba sa ji.

Abba, rigar ceto ba a jirgi ake ajiye ta ba, a jiki ake ɗaura ta, a ja igiyoyin su kama. In an kama kafaɗunta an ja sama ta zo maka kunne, ta yi yawa. Kuma kada iyon da ka ce ka ɗan iya ya ruɗe ka. Iyo a kududdufi da gajeren wando daban, faɗawa ruwan Disamba mai sanyi da riga da takalmi, ƙaninka ya riƙe maka wuya, daban. Mu da aka haifa a ruwa mun binne gwanaye.

Injiniya_Bash:
Ƙari kan rigar: a yi hattara da na gwanjo. Na taɓa sayen guda biyu a kasuwa, sosonsu ya mutu, da na gwada a wurin wanka na wani otal sai ga ni ina nitsewa a hankali kamar buhun siminti. Ku gwada kowace a ruwa mara zurfi kafin ranar. A haɗa da usur a ɗaure a jikin kowace riga, murya ba ta zuwa ko'ina in iska na kaɗawa.

Malam_Nuhu:
Tunda an zo maganar Daura, akwai batun salla. A mazhabarmu ta Malikiyya ana ƙasaru ne in tafiya ta kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai ko ƙasa kaɗan, gwargwadon lissafin malamai. In kun wuce Daura zuwa Sabke ina ganin kun cika. Tunda ba ku yi niyyar zaman kwana 4 ba, za ku yi ta ƙasaru har ku dawo. In Ajiwa ce kuwa babu ƙasaru. Ku tsara tuƙinku yadda lokacin salla zai same ku a tudu, kada wani ya ce zai miƙe tsaye cikin ƙaramin jirgi. In za ku shiga ku karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa, yana cikin Suratu Hud aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha.

Abu_Ammar:
Malam, da girmamawa, wasu malaman ba su ƙayyade da mil ba, sun ce duk abin da al'ada ta kira tafiya, tafiya ce.

Malam_Nuhu:
Na sani, saɓani ne sananne. Na faɗi wanda aka karantar da mu ne a zaure.

Ɗan_Yandaka:
Jama'a, mutanen nan ko jirgi ba su samu ba, har an kai su ƙasaru. Admin a dawo da mu hanya.

Zee_Funtua:
Ni abinci zan yi magana, don na ga maza in aka bar ku Indomie za ku loda katan guda ku ce kun shirya. Abin da ba ya lalacewa kuma ba ya son dogon girki: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga, dabino, kilishi ko dambun nama, burodi na ranar farko, kayan shayi. Shinkafa mudu ɗaya ta ishe ku, da mai da yaji a roba mai murfi. Kifi ku saya hannun masunta da safe, ya fi arha kuma zumunci ne. Ku ɗauki ƙaramar tukunyar gas, kada ku dogara da itace. Disamba ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye karan wani ko lambunsa. Ashana a cikin roba, a raba wuri biyu. Kuma duk ledar da kuka shiga da ita ku fito da ita, shanu na ci suna mutuwa.

Injiniya_Bash:
Yadda ake hana kaya jiƙewa ba tare da sayen jakar Turawa ba: bokitin fenti mai murfi, a wanke shi tas. Waya, fawa bank, ashana, magani, kayan sawa na canji duk a ciki, kowanne cikin leda biyu. Bokitin ya zama kujera da dare. Bargo a naɗe cikin babbar leda a ɗaure baki da roba. Kaya masu nauyi, wato jarkokin da Sadiya ta ce, a kwantar da su a tsakiyar jirgi can ƙasa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka biyu kilo 50 kenan, kamar kun ƙara mutum na biyar. Da mai jirgi shida. Anya jirgi ɗaya zai ɗauke ku? Ni dai biyu nake gani, kuma in ɗaya ya sami matsala ga ɗaya.

Basarke_Yawuri:
Injiniya ya yi daidai, jirgi biyu, matuƙa biyu. In an gama lodi a duba bakin jirgi, in tsakaninsa da ruwa bai kai taƙi guda ba a rage kaya.

Sai iska, na manta ɗazu. Da hunturu ruwa kan kwanta luf da sassafe, hantsi na yi iskar gabas ta taso, kafin azahar tsakiyar dam ya fara tumbatsa. Ku shiga bayan asuba da gari ya yi haske, ku fita kafin rana ta take. Ku bi gefe-gefe, kada ku ce za ku yanke ta tsakiya don gajarta hanya. Ranar da hazo ya sauka har ba ka ganin ɗaya gaɓar, a haƙura. Kada ku kusanci bangon dam da wurin da ruwa ke fita. In jirgi ya kife kada kowa ya bar shi ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, ta fi yadda ido ke gani nisa. A riƙe jirgin, a busa usur. Kuma ba a miƙewa a canja wurin zama a tsakiyar ruwa don ɗaukar hoto. Wannan na faɗa ne saboda na san ku.

Bahaɗeje_Asali:
Yanzu ba wasa. In abin da kuke so kyan wuri ne, ba dam ba ne wurin zuwa, fadamar Haɗeja zuwa Nguru ce. A daidai watannin nan tsuntsaye ke zuwa daga Turai gudun sanyi, a Baturiya da Dagona za ka ga agwagin ruwa sun rufe sama. Ruwan ba zurfi sosai a wurare da yawa, da gwangwala ake tura jirgi. Matsalar ita ce kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo, baƙo ya shiga ciki ba zai san gabas ba. Dole da ɗan gari. Amma ku fara koyo a gida, shekara mai zuwa ku zo, ni zan sauke ku. Ubangida ba ya ƙin bawansa.

Kawu_Lawal:
Ba wanda ya amsa mashi maganar Ajiwa. Ruwan da birni ke sha ne, akwai ma'aikata da masu gadi, ba wurin da za ka je ka kafa tanti haka kawai ba ne sai da izini. Amma don koyon tuƙi na awa biyu da safe tare da masunci, ka dawo gida ka ci tuwon rana, ba laifi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi haka sau biyu ko uku kafin Disamba.

Aliyu_Ƙanin_Abba:
Salam. Ni ne ƙanin da ake ta magana a kai kamar ba na zauren. Yaya bai faɗa maku ba ne, shi ma iyon nasa a kududdufin bayan makarantarmu ne, ruwan iya ƙugu. Ni dai in akwai riga zan je. In babu, ina gida, ku turo hoto.

Ɗan_Yandaka:
Ƙaramin ya fi babban hankali. Allah ya yi maka albarka Aliyu.

Musa_Minnesota:
Abu ɗaya da na koya a can wanda zai yi aiki a ko'ina: a rubuta a takarda inda za ku shiga, inda za ku kwana, sunan masu jirgi, da lokacin da za ku fito, a bar wa mutum biyu a gida. A ce masu in ƙarfe kaza ta yi ba mu kira ba, ga wanda za a nema. Kada ku dogara da sabis, kuma sanyi na shanye batir. Sanyin ma kada ku raina shi, na san daren Disamba a Katsina, balle a bakin ruwa. Abin shimfiɗa a ƙasa ya fi bargo na biyu amfani, ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Tabarma da kwali ma sun yi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni dai har yanzu ban ga abin da za a samo ba. Amma tunda kun nace, Allah ya tsare.

Abba_KofarMarusa:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Ranar Asabar ni da Ɗan Daurama mun je Sabke, zuwa da kai ya fi aike. Mun gaida sarkin ruwa, dattijo mai fara'a, ya yi ta dariya da na nuna mashi bidiyon, ya ce wannan jirgin ai ƙwarya ce. Ya yarda zai ba mu mutum biyu da jirgi biyu. Amma ya ce ba maganar kwana a can ƙetare, sai dai a wani fili kusa da inda suke ɗaure jirage, ana hango fitilun ƙauye. Na shiga jirgi na minti 30. Malam Basarke, zagayen da ka ce, sau huɗu na yi, yara a gaɓa har da tafi. Kafaɗata har yau ciwo take.

Na faɗa wa Hajiya. Ta ce ni in je, Aliyu kuwa sai ta ga rigar da idonta. Abokaina biyu sun rabu, ɗaya ya ce kwana kusa da ƙauye ba shi muka shirya ba, gara a bari sai mun ƙware mu je inda ba kowa, ɗaya ya ce a je haka nan. Ni ina tsakiya.

Basarke_Yawuri:
Sau huɗu kawai? Ka yi ƙoƙari. Wanda ya ce sai inda ba kowa, ka kawo shi ya yi minti 30 ɗin shi ma, sannan a sake tambayarsa.

Injiniya_Bash:
Ni ina ganin abokin naka yana da 'yar gaskiya. In za a kwana ana jin kukan jakin ƙauye, me ya raba shi da zuwa gidan kaka? Ku nemi sarkin ruwan ya bar ku ku ɗan matsa ko da rabin kilomita ne, da mutanensa tare da ku.

Kawu_Lawal:
Injiniya, mai wuri ya ce ga inda za a kwana. Ya san abin da ya sa ya faɗa, ba lallai ya gaya wa baƙo dalili ba.

Sadiya_Nas:
Abba, da ka shiga ranar Asabar, ka taka ruwan da ƙafa?

Abba_KofarMarusa:
Iya gwiwa, wajen tura jirgi. Na shiga uku?

Sadiya_Nas:
Ba ka shiga ba. Ka dai lura, in ka ga wani canji ko zazzaɓi nan da 'yan makonni ka je a duba ka, ka faɗa masu ka shiga dam. Ranar tafiya ku sa takalmin roba dogo irin na masu lambu wajen turawa, amma ku cire shi da zarar kun hau.

Zee_Funtua:
Wai a ina ake samun rigar ceton ma a Katsina? Ko sai an aika Kano? Mijina ya karanta zancen nan tun daga sama, yanzu ya fara maganar dam ɗin Mairuwa na nan Funtua.

Aliyu_Ƙanin_Abba:
Ni ma amsar da nake jira kenan. Mai lamba matsakaiciya, nauyina kilo 58.